Zobe Mai Zare

Riƙau ake ce masa, domin a riƙon wuyan shanu ƙuruciyarsa ta ƙare. A gonar madarar da ya yi aiki, in Likitar dabbobi ta zo ɗibar jini, shi ke danne jijiyar wuya da babban yatsa har ta kumbura, yana yi wa saniyar hira a kunne kamar bazawari. Matarsa takan ce da ita ya samu ya yi wa rabin wannan daɗin bakin, da goma ta haifa masa. Huɗu ta haifa.

Ya so aikin nan. Har yau in ya ji ƙanshin ɗanyar ciyawa, sai kewa ta kama shi. Yana tuna ƙananan kwalaben jini jere a tagar ofis, da ranar da Likita, wata doguwa mai saurin magana, ta ɗaga masa ɗaya.

"Baba Riƙau, kitsen da ke cikin jinin muke aunawa," in ji ta. "Saniya in ta haihu, abin da take ci ba ya isar nonon da take bayarwa. Sai ta narka kitsen bayanta ya bi jini. In ta daina ci, ya taru a hanta, ka ga ta kwanta."

"Ashe jikinta muke tatsa."

"Jikinta kuwa."

Tun daga ranar babu mai jego a garken da ta isa ta juya wa dusa baya. Zai tsuguna gabanta, lallashi da mita, har ta ci. Gida ne kawai hankalinsa bai kai ba. Duk haihuwa sai zoben matarsa ya yi mata yawa, ta naɗe shi da zare. In aka zuba abinci ta tura wa yara nata, ta ce ta ƙoshi, shi kuwa ya yaba haƙurinta. Ta rasu Auta tana rarrafe. Ciwon, Allah kaɗai ya san shi, amma Riƙau ya daɗe yana juya zoben nan a tafinsa. Ranar auren Auta ya yanke zaren ya sa mata zoben, ya zauna cif.

Bana Auta ta haifi tagwaye. Da ya je duba ta, ya tarar da kayan jarirai shanye a bayan kujera, kwanon abinci a rufe a gefen gado. Ta miƙo masa jariri ɗaya. Idonsa ya sauka a yatsanta. An naɗe zoben da sabon zare.

"Ba ki ci abinci ba?"

"Na ƙoshi, Baba."

"Haka take, Baba, ba ta da ci," in ji mijinta daga bakin ƙofa.

Riƙau ya miƙa wa surukinsa jaririn, ya tsuguna da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya buɗe kwanon.

"Na shawo kan masu ƙaho, balle ke."

Auta ta yi dariya. "Wai ni saniya ce?"

"Saniya ta fi ki jin magana."

"Allah na ƙoshi, Baba."

Ya danƙa mata cokali, ya riƙe hannun bai saki ba.

"Haka uwarki ta ce min, na yarda," ya ce. "Ci ina gani."