Yayar Mai Taswira

A birnin nan babu wanda bai san Mai Taswira ba. Shi ya zana manyan tituna, shi ya nuna inda kasuwa za ta zauna da inda za a mayar da tashar mota. Ya fara da ɗan tebur a ofishin tsara gari, yana feƙe wa manya fensir. Ya ƙare da kamfanin kansa, da gidajen haya, da wani gidan bene wanda ɗakunansa suka fi mutanen cikinsa yawa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna ƙasashen waje. Abin da mutane ba su sani ba shi ne yana da yaya, tela, wadda ta goya shi, kuma har ya yi furfura ba ta daina kiransa Auta ba.

Yaya ta yi aure, mijin bai yi tsawon rai ba, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Sai ta dawo gidan mahaifinsu da kekenta na ɗinki, ta ajiye shi a bakin taga. Tsallaken ɗan lungu, daura da tagar, nan gidan Gajera yake, ƙawarta tun suna yara. Gajera ce ke sa mata maɓalli, tana yi bakinta ba ya hutawa. In Yaya ta ce, "Ke, ki bar ni in ji ƙarar kekena," sai ta ce, "Keken naki me yake faɗa da ya fi nawa daɗi?"

Da aka tashi yin babban titi, mutane suka ce ai Mai Taswira zai kauce wa gidan ubansa. Don gudun wannan magana bai kauce ba. Titi ya ci rabin gidansu, ya ci lungun, ya ci gidan Gajera gaba ɗaya. Ɗanta ya kama mata wani gida a hayin titin, daidai saitin tagar Yaya.

Kusa ne a ido. Amma an kafa shingen ƙarfe a tsakiyar titin, motoci ba sa tsayawa, gwiwoyin Yaya kuma sun gaji. Waya ba ta yi musu amfani ba, don kunnen Gajera ya yi nauyi, sai dai ta yi ta cewa, "Wa ke magana?" Sai suka koma ga hannu. Kullum da safe Yaya ta buɗe taga ta ɗaga ƙyalle, Gajera ta fito ƙofa ta ɗaga nata hannun.

Auta ya sha aiko direba ya kai Yaya wurin Gajera. Ta ce a gaya masa, "Ya raba mu da fensir, yanzu zai haɗa mu da mota? A mayar masa da abarsa."

Haka shekaru suka tafi. Masu kawo ɗinki suka ragu, tsofaffin maƙwabta suka watse, idon Yaya ya fara hazo. Ba ta ganin fuska a hayin, sai dai inuwar mutum a ƙofa da hannu yana tashi. Wannan ya ishe ta wuni.

Da ta ga zare ya fara gagarar ta shiga allura, sai ta ɗinka wa Gajera riga, a hankali, tana lalube. Ta san ita ce ta ƙarshe, kuma tana so ta sa mata da hannunta. Ta haɗiye fushinta ta kira Auta. Bai turo direba ba, da kansa ya zo.

Suka yi ta tafiya, gidan yana baya. Ta ce, "Auta, ga gidan can mun bari, ina kake kai ni?"

"Sai mun je shataletale mun juyo, Yaya."

"Wane mai hankali ne ya tsara haka?"

Ya ce, "Wani ƙanenki ne."

Ta yi tsaki, amma sai da ta murmusa.

Da suka buga ƙofa, wata doguwar mace ta fito da goyo. Tana ganin ta ta ce, "Lah, Mama! Ke ce ta taga!"

Yaya ta ce, "Gajera nake nema, tsohuwar gidan."

Matar ta dubi Auta, ta dubi ƙasa. Ta ce su haya suke. Tsohuwar ta kwanta ciwo, ɗanta ya zo ya tafi da ita garin da yake aiki, sannan su suka shigo. Ta ji an ce can ta rasu, tun da jimawa.

"To wa ke ɗaga mini hannu?"

"Ni ce, Mama. Na ga kina gaishe ni kullum, na ga bai kamata in ƙyale babba ba. Ban san wata kike nufi ba."

Yaya ta daɗe a tsaye, rigar tana naɗe a hammatarta. Can ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Allah ya raya." Ta juya.

A mota Auta ya ce tun farko ya sa gadar masu ƙafa a wurin a cikin taswira, ba a dai gina ba ne, amma zai sake yin magana.

"In haye in ga wa?"

Ya ce to ta dawo gidansa, ɗakuna na nan a rufe.

"Mu zauna mu biyu muna sauraron agogo?"

Da suka iso, ya riƙe ta har ciki, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki, abin da rabonsa da yi tun kafin titin. Ita ta zauna gaban keke, ba ta taɓa shi ba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kai da ka san mutane, ka nemo mini ɗan nan nata. Ba faɗa zan yi masa ba. Ka tambaye shi ranar da ya tafi da ita. Ina so in san daga yaushe na fara gaida baƙuwa."

Ya ce, "To, Yaya."

A waje, motoci suna ta wucewa.