Ranar da Manaja Ya Bi Kyaftin Bulus Gonar Citta

Har yau raina na ɓaci in na tuna ranar da manajan wani kamfanin jirgin sama ya tsaya a ƙofar shagona a Kafanchan. Ku da kuka shigo sana'ar tikiti kwanan nan, ku saurara.

A lokacin ƙaramin jirgi ne ke zirga-zirga tsakanin Kaduna da Legas, kuma tikitinsa ne ke riƙe da shagon nan. Babban matuƙinsa Kyaftin Bulus ne, mutumin Kwoi. Sai kamfani ya yi odar manyan jirage. Kowane irin jirgi da nasa lasisin. Matuƙin ƙarami ba ya hawa babba sai an tura shi kwas. Kamfani ya ce waɗanda suka manyanta ba za su je kwas ba, ya sallame su, ya ɗauko matuƙa daga waje. Ta waya aka gaya wa Bulus, yana sanye da kayan aiki.

Babban jirgi ya iso, fasinjan Kaduna ba su cika ko rabinsa ba. Aka koma neman ƙarami haya. Ga Kirsimeti ya matso, babu mai tuƙawa.

Manaja ya ce mini, "Oga Danladi, kai ɗan gida ne. Kai ni wurin faston Bulus, ba zai ƙi maganar fasto ba."

Na ce, "Da za ku kore shi, fasto kuka nema? Wurin Bulus ɗin zan kai ka."

Muka same shi a gona ana tonon citta. Ya ba manaja ruwa, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya tambaya, "Sauran da kuka sallama fa?"

"Kai kaɗai muke buƙata, Kyaftin, zuwa bayan Kirsimeti."

"Bayan Kirsimeti kuma sai waya?"

Bulus ya juyo gare ni. "Danladi, ka yi haƙuri. Na san shagonka ne zai sha wuya."

Na sani sarai. Amma na ce, "Yaya, ci gaba da tononka."

Kafin sabuwar shekara aka daina tashin Kaduna. Na koma haɗawa da tikitin bas, har yau ban farfaɗo duka ba. Ban taɓa jin haushin Bulus ba. Haushina na waɗanda suka ƙirga kujeru ne suka manta da mutanen da ke gaba. Don haka in kamfani ya zo muku da hoton sabon jirgi, kada ku tsaya yabon girmansa. Ku tambaya wa zai tuƙa shi, da kuma wa aka sallama.