Dami Na Goma

Malam Badamasi bai taɓa zama sarkin noma ba, kada wani ya ɗora masa rawanin da ba nasa ba. Manomi ne kawai a wani ƙauye bayan Wagini, mai gonaki uku da shanun huɗa biyu. Amma ya yi shekara arba'in bai auni hatsi a kasuwa ba. Idan ana ɗaurin gero a gonarsa, dami tara sai a jera su wuri guda, na goma kuwa ya ɗauke shi da kansa ya kai gindin wani gawo a ƙarshen gona ya jingine. Na zakka ke nan. Haka ya ga ubansa yana yi. Mai buƙata ya san inda gawon yake, ya je ya ɗauka ba a haɗa ido da shi ba.

'Yan bindiga suka fara da shanun. Da shekara ta zagayo suka ƙone rumbuna, suka harbe babban ɗansa Mannir a bakin gona. Badamasi ya binne shi da hantsi, kafin azahar ya kwaso matarsa Atika da jikoki uku suka yo Batsari. Sun yi wata biyar a ajin makaranta, daga baya wani ya ara musu kango.

An ba su katin karɓar kayan agaji, shi kuwa ya rantse ƙafarsa ba za ta taka layin nan ba. Atika ke zuwa. Ta sha gaya masa girman kai rawanin tsiya ne, kuma tuwon da yake ci daga layin ya fito. Yana ci, don ciki ba ya jin rantsuwa, amma kansa a ƙasa yake ci. Abin da yake nema ɗaya ne: aikin da zai ciyar da gidansa da guminsa.

Kullum da sassafe yana bakin tasha da fartanya, cikin 'yan ƙwadago. Masu gona su zo su tsince samari su bar shi, don ya haura sittin. Ya nemi gadi, aka ce ya kawo wanda zai tsaya masa. Duk wanda zai tsaya masa ko yana kabari ko yana gudun hijira kamarsa. Wani mai shago ma ya faɗa masa a fuska cewa mutanen da suka gudo daga daji ba a san wanda suke kai wa labari ba.

Da kaka ta yi, hannu ya yi ƙaranci. Nasiru, ƙanin wani Alhaji Sharhabilu mai babbar gona a hanyar Safana, ya ɗauke shi yankan gero. Kwana biyu Badamasi yana gaba, samari suna bin bayansa suna tsokanarsa wai tsoho ya sha maganin ƙarfi. Nasiru ya ce in ya ci gaba haka, yana nan har girbin dawa. Ran nan ya auno masara da kuɗinsa, ya ci tuwo yana hira, har ya ce wa Atika miyar ba gishiri.

Rana ta uku aka shiga ɗauri. Ɗaurinsa ba ya kwancewa ko an jefo dami daga kan mota. Yana cikin aiki hankalinsa ya koma gida. Ya ɗaura tara, ya saɓi na goma ya kai bayan wata tsamiya a ƙarshen gona, ya dawo. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Kafin la'asar dami uku ne a wurin.

Nasiru ya gan su. Ya tara ma'aikata, ya ce dama an gaya masa kada ya ɗauki ɗan gudun hijira, ga shi tsoho da furfura yana ɓoye hatsi don ya dawo ya kwashe. Badamasi ya dubi damman, ya dubi hannuwansa. Ana cikin haka Alhaji ya iso a kan babur.

"Baba, mi ya kai su can?"

"Na goma ne, Alhaji."

Samarin ba su gane ba. Alhaji ya gane, don kakansa haka yake yi, ko da yake shi yanzu sai an sussuke yake fitarwa a buhu. Ya yi wa Nasiru faɗa a gaban kowa, ya sa shi ya durƙusa ya nemi gafara. Sa'an nan ya tambayi Badamasi dami nawa yake samu a gida. Badamasi ya gaya masa.

"Baba, wallahi ina jin kunyar irinka shina duƙe a gonata. Daga yau ka huta. Waɗannan ukun ka riga ka fitar, kuma ban ga wanda ya fi ka cancanta ba."

"Aikin nake so, Alhaji."

"Haba Baba. Ai mu 'ya'yanka ne."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, kowa ya sa masa albarka. Satar da aka laƙa masa ba ta raba Badamasi da aikin ba, kirki ne ya raba shi da shi.

A kan babur ɗin Nasiru aka kai damman har ƙofar kango. Atika ta shafa igiyar, ta ce wannan ai ɗaurinsa ne, ko cikin dubu ta san shi. Ta tambaya ko ladan aiki ne. Ya ce a'a. Ba ta ƙara tambaya ba, ta ɗauko turmi, don yara ba su ci komai ba tun safe.

Washegari ranar rabo ce. Atika ta yafa mayafi, ta zaro katin daga ƙarƙashin tabarma. Fartanyar tana jingine a inda ya ajiye ta jiya. Badamasi ya miƙa hannu.

"Kawo. Ƙafarki na ciwo. Ta wace ƙofa maza ke shiga?"