Kofi Ya Tsaya a Hannun Mang Teryo

Eleuterio Macaraig, wanda unguwar bayan kasuwar kifi ta Lemery take kira Mang Teryo, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jirgin ruwan dakon kaya yana feraye dankali. Ya je Jamus, ya je Beljiyam, kuma dukansu ta tagar kicin ya gan su. Wannan bai hana shi dawowa gida a matsayin masanin giyar duniya ba. Matarsa, Aling Saling, ta saurare shi a shekarar farko. Daga nan, da ya buɗe baki sai ta ƙara wa rediyo murya. 'Ya'yansa sun watse cikin Manila. Wuri ɗaya ya rage masa inda zai yi magana a zuba masa ido: bencin ƙofar kantin unguwa, ranar Lahadi bayan an taso daga coci.

A bencin nan, kamar ko'ina, da kofin gilashi ɗaya ake sha. Mang Kardo mahauci ne mai zubawa. Sai ya fara ɗiga wa ƙasa rabon iskoki, sa'an nan ya zuba wa mutum, mutum ya shanye ya mayar, a zuba wa na gaba. Duk wanda kofi yake hannunsa, maƙogwaron sauran ma yana hannunsa. Mang Teryo bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Abin da ya sani shi ne, da zarar an miƙo masa sai idanu duka su dawo kansa, kuma bai ga dalilin da zai sa ya wulaƙanta irin wannan ladabi ba.

"Kun san abin da ya sa kwalbar giya take da duhu?" Haka yakan fara, yana jujjuya kofin.

"Don kada ta ga fuskarka, pare," in ji Pilo mai babur ɗin haya, domin da pare abokai suke kiran juna a can. "Sha mana!"

"Hasken rana ne ke ɓata ta. A Jamus..."

"Shi ke nan, jirgi ya tashi," in ji Kardo. "Mai jin fitsari ya je ya dawo, zai same mu a teku."

"A Jamus, 'yan zuhudu da giya suke azumi. Ba ci, sai sha."

"Mu kuma ka sa mu namu azumin, ba ci ba sha!" in ji Pilo. "Pare, kofi ne fa, ba lasifika ba. Ƙanƙarar da aka jefa a giyar ta narke har kifi zai rayu a ciki."

Mang Teryo yakan yi murmushin malamin da ya san ɗalibansa 'yan tsokana ne amma suna ƙaunarsa. Sai ya kai su Misira, inda a cewarsa da giya aka sallami maginan dala, ya dawo da su ta Beljiyam, sa'an nan ya kurɓi abin da ya riga ya zama ruwan ɗumi. Akwatin kwalabe ɗaya yakan kai su faɗuwar rana, kowa ya tafi gida da ƙafarsa. Haka aka yi shekara da shekaru.

Sai 'yar Pilo da ke aikatau a Hong Kong ta aiko da tsaraba, a ciki har da kofuna masu bakin zinariya. Ranar Lahadi Pilo ya jera su a benci kamar mai baje haja.

"Daga yau kowa da nasa. Mun waye."

Mang Teryo ya karɓi nasa, ya gyara murya. "Kun san cewa kumfar giya..."

Ba wanda ya juyo. Kardo da Pilo sun shiga gardamar zakarun faɗa, sauran suna wawar soyayyiyar fatar alade da gyaɗa. Ya ɗaga murya.

"Ci gaba, pare, muna jin ka," in ji Kardo, ƙeyarsa na kallon mai magana.

A ranar ne Mang Teryo ya fara shan giya da sanyinta, bai kuma taɓa jin ɗacinta kamar haka ba. Akwati ya ƙare tun rana tana tsaka, aka kira wani, aka sake kiran wani. Pilo ya kwana a kwata, babur ɗinsa ya kwana a kansa. Ranar Litinin rumfar Kardo ba ta buɗe ba.

Lahadin da ta biyo baya Mang Teryo bai fita ba. Ya gwada labarin Misira a kan Aling Saling, rediyo ya ba shi amsa. Daga tsakar gida yana jiyo shewar benci, ba kuma a aiko ko kare ya tambayi lafiyarsa ba.

A Lahadi ta uku Aling Nening, matar Pilo, ta buga ƙofa da kanta.

"Mang Teryo, taso. Bencin nan ba ya yiwuwa sai da kai."

Ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya shafa mai a gashi. A hanya yana ta shirya yadda zai yafe musu, domin mai ilimi ba ya riƙo. Da suka isa, ya tarar da matan unguwa a tsaye, mazan kuwa a zaune kamar kajin da ruwa ya doka. Aling Nening ta kwashe kofunan zinariya cikin kwano, ta ɗauko tsohon kofin nan mai tsagewa a baki, ta sa Kardo ya cika shi, ta damƙa wa Mang Teryo.

"Riƙe shi da kyau. Kai su Jamus, kai su duk inda ka ga dama, kada ka dawo da su sai rana ta faɗi. Ashe duk shekarun nan kai ne murfin kwalbar unguwar nan, ba mu sani ba."

"Ai na ce miki ilimi..."

"Wane ilimi? Wa ya taɓa jin abin da kake cewa? Jinkirin muke so."

Aka fashe da dariya, har da Aling Saling da ta biyo baya ba tare da rediyonta ba. Mang Teryo ya dubi kofin. Da ya shanye shi a kurɓi ɗaya ya mayar, da ya tsira da mutuncinsa, kuma ya san haka. Ya ɗaga shi har leɓe. Sai ya ga idanu duka suna kansa, jajaye, a bushe, ba mai ƙiftawa.

Ya sauke kofin a hankali, ya ɗora a gwiwa.

"Kun san cewa kumfar giya..."

"Wayyo ni, pare," in ji Pilo.