Sunayen da na ɗaure a haɓar zane

Da muka dawo Mubi bayan gudun hijirar nan, Sabon Layi ya zama kamar bakin tsohuwa, gida ɗaya da mutane, uku wayam. Ni ba mai fita ba ce, labari ke iske ni har tsakar gida: wane an gan shi a Yola, wance ta tsallaka Kamaru. Ɗiyata ta fari, wadda ta yi boko, ta ce kaina kaɗai ba zai riƙe wannan duka ba. Ta buɗe sabuwar ma'adana a kwamfutarta, databes take ce mata, ta zuba suna da inda aka ga mutum. Da ta gama sai ta nuna mini wani ɗan abu kamar yatsa, maƙale a gefen kwamfutar, ta ce, "Inna, filashi ke nan, duk mutanenmu suna ciki."

Washegari da hantsi maƙwabciyata, 'yar Michika, ta shigo. Tun ranar gudu ba ta ji ɗuriyar mijinta ba, ga shi ta ji wani mutumin Kwaja ya kawo dogon jerin sunaye, ɗiyata ta kwafa a ma'adanar, ya tafi da takardarsa. Ɗiyata ta kunna, abu ya ƙi buɗewa.

"Me yana cewa, 'yata?" in ji maƙwabciya.

"Wai kwamfutar ta je inda na ajiye fayil ɗin, ba ta same shi ba, Mama."

Ta bi sunan fayil ɗin harafi-harafi, ta kashe ta kunna, ta leƙa can ta leƙa nan. Shiru. Maƙwabciya ta zauna a kan turmi, hannu a ka. Daga ƙarshe ɗiyata ta buga wa malaminta waya, ni kuwa ina wanke-wanke, kunnena na wajensu.

Na ji yana cewa, "Ita ba ta ƙarya. Kwatance kika yi mata, ta je ta tarar ba gida. A ina kika gina shi?"

"A filashi, Malam."

"To, yana jikin kwamfutar?"

Nan na tsayar da wanke-wanken. Tun gudu, duk abin da ba na so in rasa, a haɓar zane yake kwana. Na goge hannu, na kwance ƙulli, ga shi nan tare da zoben mahaifiyata.

"Haba Inna!"

"Ke kika ce mutanenmu na ciki. In an sake cewa a gudu fa?"

Ta soka shi, sai ga sunaye sun jeru reras. Ikon Allah! Abin da ba shi da ido ya san an taɓa masa ajiya, ya kuma ƙi ya ce mana babu kowa. Ɗiyata ta rubuta sunan mijin, ta karanta a hankali: yana tsallaken iyaka, ƙafarsa da ciwo, amma da ransa.

Maƙwabciya ta yi guɗa irin ta mutanen dutse, ta kama haɓar zanena ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.