Ƙarar Babura a New Bell

Ranar kasuwar garinmu ce. Na tashi da asuba na hura wuta, na ɗora gyaɗar da zan yi ƙuli-ƙuli da ita. Maigidana, Malam Isa, ya sha kunu a tsaye ya nufi fadama, don albasarsa ta kusa isa cira. Mahaifiyarsa, Iya, tana ɗakinta tana jan carbi. Ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta. 'Yata Nana tana bakin murhu tana tsintar gyaɗar da ta zube.

Da hantsi muka ji babura daga gabas. Na ɗauka 'yan kasuwa ne. Amma 'yan kasuwa ɗai-ɗai suke shigowa, waɗannan kuwa ƙararsu a haɗe take, tana ƙaruwa. Kaji suka watse. Sai harbi na farko, daga wajen masallaci.

"Kowa ya fito! Ku kwanta!"

Muryar baƙo ce. Ta bayan danga kuma maƙwabciyarmu Hanne tana ihu: "Ta rafi! Ku bi ta rafi!"

Na faɗa ɗakin Iya na kama ta zan ɗaga. Ta yi mini nauyi. Na sake gwadawa, muka zube tare. Ta ture hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ɗauki yarinyar! Fita!"

Na goya Nana, na ƙetare danga. Ƙaya ta tsaga mini tafin ƙafa, ban ji ba sai daga baya. Rafin ya ƙafe a lokacin. Muka shige ƙarƙashin wata gaɓa da ruwa ya rarake, mu da wasu mata. Babura suna wucewa ta samanmu, ƙasa tana zubo mana a ka. Na toshe bakin Nana da ɗankwalina. Azahar ta yi, babu kiran salla. Warin hayaƙi ya sauko cikin rafin, na bunu da na hatsi. Sai bayan la'asar ƙarar ta yi nisa.

Ba mu koma ba. Fadama tana gabas, ta inda suka shigo, ba wanda ya yarda ya bi can. Muka bi rafin muka yi yamma. Washegari da rana tsaka muka fito bakin kwalta. Wani direban babbar mota da ya yi lodin albasa ya tsaya. Ya ce birnin Duwala za shi. Na ce ina da wa a can, Hamadu, yana sayar da albasa a kasuwar Sandaga. Bai ƙara tambaya ba. Ya hau da mu saman buhuna. Kwanaki muka yi a hanya, rana a ka, warin albasa a hanci. A Sandaga 'yan dako ne suka nemo mini Yaya Hamadu. Da ya gan ni, sai ya zauna a kan buhu ya rufe fuska.

Gidansa a unguwar New Bell ɗaki biyu ne na katako, rufin kwano, a cikin wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa. Aka ba mu ɗakin ciki. Na ɗauka na tsira.

Ban san Duwala garin babura ba ne. Bensikin suke ce musu, su ne motar hayar kowa. Tun asuba suke farawa. Kowane ya wuce bakin titi, sai in toshe kunnuwana. Matar yayana, Anti Fadi, ta lallashe ni wata safiya muka fita cefane. A mahaɗar titi aka ba babura hannu gaba ɗaya, suka taso kamar a kanmu. Ban san lokacin da na kwanta cikin taɓo ba, na danne kan Nana da ƙirjina. Mutane suka kewaye mu suna magana da Faransanci. Wasu suna dariya.

Daga ranar ban sake taka bakin ƙofa ba. Damina ta shigo ta same ni a ɗakin. Na san kowane rami a jikin katakon, na san lokacin da rana ke shigowa ta cikinsa. An kawo mini rubutu na sha, an yi mini addu'a. Nana ta koyi wasa da yaran lungu, ta fara kawo mini kalmomin da ban sani ba. Ni ina zaune.

Wata nas ce a maƙwabta, Madam Rozin, ta gaya wa Anti Fadi akwai likitocin damuwa da ke ganin waɗanda suka gudo, ta waya, fuska da fuska. Ba sai na fita ba. Matsalar ita ce ba na jin Faransanci. Ta yi ta nema har aka samo mai jin Hausa a wani gari mai nisa. Sunanta Malama Rabi.

Ranar Alhamis bayan azahar muke haɗuwa, lokacin Yaya yana kasuwa. Anti Fadi takan jingina mini wayarta a jikin gwangwanin madara, ta ja Nana su fita. Ranar farko fuskar Malama Rabi ta fito a wayar. Na yi ta kallon labulen da ke bayanta, shuɗi mai fure. Ba ta tambaye ni abin da ya faru ba. Cewa ta yi, "Asma'u, yau me kika ci?"

A hankali na fara ba ta labarin. Da raɗa nake yi, don katakon ba ya riƙe sirri, ina jin tarin maƙwabci kamar a ɗakina. In ruwa ya sauko a kan kwano, ba ma jin juna. Wani lokaci rezo, wato sabis ɗin waya, ya yanke, fuskarta ta tsaya cak, bakinta a buɗe. Sau biyu haka ta faru ina daidai labarin ɗakin Iya. Sai in zauna da sauran maganar a bakina, ina jiran hoton ya motsa.

Wata Alhamis muna cikin magana, wani mai babur ya kutso cikin lungunmu, har jikin bangonmu. Da na farga ina ƙarƙashin gado. Wayar ta faɗi ta kife, amma muryarta tana fitowa.

"Asma'u, ina nan. Ba na ganinki, amma ina nan. Me hannunki yake taɓawa?"

Na shafa, na ce, "Tabarma."

"Tabarmar wa?"

"Ta Anti Fadi."

"A wane gari?"

"Duwala."

"Me kike ji ban da babur ɗin?"

Na saurara. Mai sayar da burodi yana kira. Wata mata tana daka. Na faɗa mata. Ta sa na ja numfashi tare da ita, muna saki a hankali, har na rarrafo na ɗaga wayar. Ta ga ƙura a fuskata, ba ta yi dariya ba.

Ba zan ce na warke ba. Yanzu ina iya zama a bakin ƙofa in tsince shinkafa. Ina zuwa famfon ƙarshen lungu, in Anti Fadi tana bayana. Titi kuwa har yau ban kai ba. Daga famfon ina hango shi, in juyo.

Bayan Babbar Salla wani mutumin garinmu ya iso Sandaga da lodi. Yana cikin waɗanda suka koma suka yi jana'iza. Yaya ya kawo shi har gida, ya zauna daga waje, ni daga ciki. Ya ce an sami gawar Iya a ɗakinta. An sami maƙwabciyarmu a bakin rafi. Na ce Malam Isa fa? Ya ce sun duba fadama, sun duba rijiyoyi. Ba ya cikin waɗanda aka binne, kuma ba wanda ya gan shi tun ranar.

Yaya ya tambayo mini limamin unguwa ko zan shiga takaba. Ya ce a'a, sai an tabbatar.

Na gaya wa Malama Rabi. Na tambaye ta ni yanzu mece ce, matar aure ko wadda mijinta ya mutu. Ta ce ba ta sani ba. Muka zauna tana kallona, ina kallonta, kuma ranar rezo bai yanke ba.

Iya nake yi wa addu'ar mamaci. Ita da maƙwabciyarmu Hanne, da ladanin garinmu. In na zo kan Malam Isa sai in tsaya, hannuwana a buɗe, don ban san wace addu'a ce tasa ba. Nana ta daina tambayar babanta.