Kitson Juma'a a Gaban Yakura

A watan nan Yakura ta cika shekara tara da barinmu. Yayar mahaifiyata ce, shi ya sa muke kiranta haka, don da Kanuri ma'anarsa babbar uwa. Sunanta na yanka kuwa ko a bakin sa'anninta ban cika jinsa ba. Duk shekara idan watan ya kama, nakan soya ƙosai in raba wa yaran unguwa, in yi mata addu'a, in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni, saboda wani abu ya taso a cikin ɗakina da ya sa na yi kewarta kamar jiya aka fita da ita.

Wanda ya zauna a unguwar Limanti a wancan zamani wataƙila zai tuna wata doguwar mata baƙa, wadda ƙanshin lafayarta, mayafin nan na matan Kanuri, ke riga ta shiga gida. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa. Kitso ba sana'arta ba ce, amma duk safiyar Juma'a takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta ajiye kwanon man shanu da kibiyar tsifa, 'yan matan dangi da na maƙwabta su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kada wani ya zaci hannunta mai sanyi ne. Wallahi idan Yakura ta kama miki gashi, girarki sai ta ɗaga. Ki yi motsi ta ce, "Zauna mini, fero, kanki kamar na kwaɓaɓɓiyar akuya." Fero yarinya ke nan, kuma haka take kiran kowaccenmu har wadda ta haihu.

Sai da na girma na gane ba don gashin take yi ba. Mu a nan an rene mu a kan kunya. Yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya ɗaga murya, ba ya cewa "ban ji daɗi ba." To ka zaunar da irin wannan yaron a gabanka, ka ce, "Kalle ni, me ke damunka?" Me kake jira ya ce? "Ba komai" zai ce, ko da wuta ce ke ci a cikinsa. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yakura takan ce wannan na manya ne, yaronmu fuskarsa a ƙasa take, sai dai ka tambayi ƙeya. Yarinya idan ta zauna tsakanin gwiwoyinta ta ba ta baya, babu idon da zai kama ta, sai bakin ya buɗe da kansa. Yaran maza kuwa da ba su da kitso, takan ɗora musu kayan turare ta ce su raka ta kasuwa, amma su shige gaba. Tana biye tana jan su da hira har su faɗi abin da ba za su faɗa wa ubansu ba.

Ni shaida ce, don da kaina aka yi.

Ina da shekara goma sha huɗu mahaifinmu ya rasu. Fataucin shanu yake yi zuwa Kudu, motar ta kife da su a hanya. A garin Dusuman muke zaune lokacin. Ranar da aka kawo labari na fasa ihu, sai wata tsohuwa cikin masu zaman makoki ta riƙe ni ta ce, "Yi shiru! Hawayenki wuta ne a kansa. Kina so ki ƙona ubanki?" Allah Ya jiƙanta, lallashi ta yi niyya. Amma ni na ɗauki maganar na haɗiye ta ɗungurungum. Daga ranar ban sake bari ɗigon hawaye ya fito mini ba. Duk sanda na ji kuka ya taso, sai in sa hannu cikin ɗankwali in tsige gashi, zafin ya mayar da shi.

Bayan takaba muka koma Limanti, gidan da Yakura take zaune. Ni da nake da surutu kamar kanari, na zama ba a jin motsina. Na daina zuwa wurin ƙawaye. In ci loma biyu na burabusko in ture kwano. Barci ya zama sai na yi da gaske, karatu kuma ya daina zama mini a kai. Kun san abin da mutane suka ce? "Kai, Aisa ta nutsu! Maraici ya sa mata hankali." Mata na nuna ni ga 'ya'yansu, su ce ku dubi kunya, ku dubi tarbiyya. Mahaifiyata, wadda nata ciwon ya ishe ta, takan ji daɗin wannan yabo, kuma ban ga laifinta ba. Duk wanda ya yabe ni sai in ji ya ƙara ja mini ƙofa.

Juma'a na zuwa sai in ƙirƙiro wanki ko ciwon ciki. Yakura ta yi kamar ba ta gani ba, har wata safiya ta sallami sauran yara, ta buga tabarma da tafin hannu ta ce, "Ke, fero, yau ko kanki na ƙarfe ne sai na tsefe shi." Na zauna. Ta zare ɗankwalin. A bayan kunnena na hagu akwai fili kamar tafin hannun jariri, babu gashi ko sili. Na jira salati, na jira a kira mahaifiyata a ce makero ya ci kan yarinya. Sai na ji ta lakato man shanu ta shafa a wurin a hankali, ta fara tsaga. Hannun nan mai zafi ranar ko kaɗan bai ja ni ba.

Ta jima tana kitso kafin ta ce, "Babanki ya fi kowa son kifin Baga. Jiya na gani a kasuwa na kasa saye, na tsaya ina kuka kamar wata sakarya."

Na ce, "Yakura, kin yi masa kuka? Ai ƙona shi kike yi."

Hannunta ya tsaya, sannan ya ci gaba. "Wa ya gaya miki?"

Daga nan maganar ta ɓalle. Ina kallon kututturen darbejiya na faɗi komai, har na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, cewa wani lokaci ina jin gara in bi Baba in huta. Ba ta buge mini baki ba. Ba ta ce a'uzubillahi ba, ba ta ce 'yar Musulmi ba ta faɗin haka ba. Cewa ta yi, "Na ji ki. Tun yaushe?" Ta yi ta tambaya ina amsawa har aka tufke kitso.

Yammacin ranar ta kai ni unguwar Shehuri wurin wani dattijon malami da mahaifina yake girmamawa, ta ce in maimaita masa maganar tsohuwar. Ya girgiza kai ya ce hawayen ido rahama ne, abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi, kuma ɗiya ba ta ƙona ubanta da ƙauna. A zauren nan na yi kukan da na riƙe kusan shekara. Yakura ta lulluɓe ni da lafayarta, ta bar ni na yi mai isata.

Da wata ce, da nan ta tsaya, ta ce an warke. Ita ta ce maganar bin Baba ba ta barinta ta yi barci. Ta mayar da shimfiɗata ɗakinta, ta ce za ta kai ni asibitin ƙwaƙwalwa. Nan aka yi ta. Mahaifiyata ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, asibitin mahaukata? Idan aka gan ta a ƙofar nan, wa zai aure ta?" Yakura ta ce, "Wanda zai aure ta sai ya same ta da rai tukuna. Da ƙafarta ce ta karye, da kin tsaya tambayar wa zai gan mu?" Muka tafi, mu uku. Likitan ya ce ciwon damuwa ne, yana kama yara kamar yadda yake kama manya, kuma ana warkewa. Na yi watanni ina zuwa ana zantawa da ni, an ba ni magani na wani lokaci. Ba dare ɗaya na miƙe ba, na sha komawa baya. Amma gashin ya tsiro, surutun ya dawo, har Yakura ta fara cewa da ta sani da ta bar ni da kunyata.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Na san za ta yi tsaki a kan shagunan gyaran gashi, inda ake zaunar da yarinya gaban madubi, waya a hannunta, baƙuwa a kanta, a gama ba wanda ya ce da wani uffan. Na san kuma za ta ji daɗi ta ga yanzu ana maganar damuwar yara a rediyo, kuma uwa na iya shiga asibitin nan ba tare da ta ja lafaya ta rufe fuska ba, duk da har gobe akwai masu rufewa. Amma zuciyarta za ta karye idan ta ƙirga abin da yaran garin nan suka gani. Waɗanda aka goya ana gudu a shekarun rikici su ne samari da 'yan matan yau. Ƙannensu kuma suka tashi suka ga ruwa ya shigo gari ya kai wuyan babba. Mu manya muka ce alhamdulillahi mun tsira, muka share laka, muka koma kasuwa. Yaran fa, wa ya tambaye su?

Takan ce ba shirun yaro ne abin tsoro ba, don wani haka Allah Ya yi shi. Canjin ne abin dubawa. Mai surutu ya yi tsit, mai sanyi ya koma faɗa, mai cin abinci ya fara ture kwano, wanda ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi, ciwon ciki kullum da safe idan za a tafi makaranta. Ruwa ba ya tsami banza. Mu kuwa na farkon mu yabe shi, na biyun mu zane shi, na ƙarshen mu ce lalaci ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne 'yata Bintu, mai shekara goma sha uku. Ranar ambaliya ita ta goya ƙaninta ta ratsa ruwa da shi har tudu, ni ina riƙe da kakarsu. Unguwa ta ɗauka, jaruma, jaruma. Bayan mun dawo gida sai yarinyar da ke cika mana kunne da waƙa ta yi sanyi. Ta daina fita wasa. Idan hadari ya haɗu sai ta shige ɗaki ta ce kanta ke ciwo. Dangin babanta suka zo suka ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ga kunyar uwarta nan." Da na ji kalmar nan ta kunya sai na tuna da kaina. Na kira ta na tambaye ta, babanta ma ya tambaye ta. Ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Tsoro ya kama ni, tsoron kada 'yata ta nutse a gabana ina kallo, ga shi wadda ta iya fito da mutum tana ƙasa shekara tara.

Da aka raba kayan Yakura, wasu sun ɗauki lafaya, wasu kaskon turare. Ni kibiyar tsifarta na roƙa, aka yi mini dariya, don kowa ya san ban iya kitso ba. Juma'ar da ta wuce na ciro ta daga ƙasan akwati, na shimfiɗa tabarma, na ce, "Fero, zo ki zauna." Ta ce, "Mama, ke?" Na ce, "Ni ɗin. Ajiye wayar nan."

Na duba kanta kaf. Gashi lafiya lau, amma wuyanta a sandare yake kamar itace. Na fara tsaga, tana karkacewa ina gyarawa. Na ce mata ni har yau idan na ji famfo na zuba a bokiti sai ƙirjina ya buga. Na ci gaba da kitsona, na hana bakina ƙara komai, kuma Allah Ya sani wannan ya fi mini kitson wuya. Mun kai rabin kai sai na ji muryarta can ƙasa.

"Mama, ni ruwan nan bai fita daga cikin kaina ba. Kullum ina ganin goyon ya kwance. Amma kowa ya ce ni jaruma ce."

Na ji hawaye ya cika mini ido. Ban juyo da ita ba. Na ce, "Na ji ki. Tun yaushe?"

Mun je asibiti tare da babanta, kuma za mu koma. Ban san tsawon hanyar ba, na dai san an fara ta. Yakura ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar ɗa na cikinta ba, turarenta ma ƙanshinsa ya daɗe da barin kayanmu. Abin da ta bari shi ne wurin zama, inda yaro zai ba ka baya ya gaya maka gaskiya, da haƙurin da za ka ji ta ba ka buge masa baki ba. Allah Ya jiƙanki, Yakura, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sanyaya mini kai.

Da muka gama kitson a ranar, Bintu ta ɗauki madubi ta duba gaba ta duba baya, ta kwashe da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. Ta ce, "Mama, wallahi kitson nan bai yi kyau ba." Na ce to gobe in kai ta shago a gyara. Ta ɗaura ɗankwalinta ta ce, "A'a, bar shi. Juma'a mai zuwa ki sake."